Abin da Aka Ɓoye wa Tsoho

Sallama gare ku 'yan uwa masu bibiyata. Yau ba da dariya na zo ba. Wadda ta zo neman "ina sonki, ina sonka" ta yi haƙuri, amma dai ta zauna. Kun dame ni da tambayar abin da ya shiga tsakanina da Lawali, to yau za ku ji. Shekaru sun shuɗe, amma wallahi ina rubutun nan raina yana tafasa kamar jiya aka yi.

Ga sababbin zuwa, sunana Ramlatu. A Tirmini aka haife ni, amma cikin Birni na girma, nan Damagaram, gidan Baffa Muntari yayan mahaifina, tun rasuwar Babana ina 'yar shekara bakwai. Shi ya sa ni lekwal, wato makarantar boko, shi ne kuma mai ba da aurena. Lawali kuwa infirmiye ne, wato ma'aikacin jinya, a lopital, babban asibitin garinmu, dogo, mai sanyin murya, rigarsa kullum fes ko da garin babu ruwa. An kawo goro da kayan gaisuwa, suna jere ƙarƙashin gadon Hajiya matar Baffa, saura kawai a tsayar da rana.

Shekarar farin nan ce ta dubu biyu da goma. Damina ta yi gardama, gero bai yi ido ba, mutanen ƙauye suka koma cin anza da ganyen jiga. Kullum ka buɗe ƙofa sai ka ga baƙuwar fuska da ƙwarya a hannu. A cikin wannan hali aka kawo mana kakana, Tsoho Mai Nasara, kwance a bayan mota.

Wani ƙari ne ya fito masa a cinyar dama. Da farko kamar lemun tsami, ba zafi ba ƙaiƙayi, shekara biyu yana noma da abinsa. Da ya kai girman ƙoƙo sai aka kira wanzami, wai mataccen jini ne. Aka yi ƙaho, aka tsaga. Tun daga ranar wurin bai sake rufewa ba.

Dole in gaya muku yadda muke da Tsoho, in ba haka ba ba za ku gane ba. Kun san wasan kaka da jika. To namu ya fi na kowa. Ni ce "matarsa", shi ne "mijina". Duk safiya in na kai masa kunu sai in tsaya a kansa in riƙe ƙugu.

"Miji, har yanzu kana nan? Wai yaushe za ka tafi mu jikoki mu sha gumba?"

"Sai na ga bayanki, mummuna. Kuma ki gaya wa mai allurar nan, ba zan sake ki ba sai ya biya ni wahalata."

Sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ko da ƙafar ke wari, ko da ba ya iya juyawa sai an juya shi, ban fasa ba, shi ma bai fasa ba. 'Ya'yansa ba sa iya haɗa ido da shi don kunya, ni kuwa har hularsa nake cirewa.

Wata Talata Baffa ya kai shi lopital aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓo sakamakon naman da aka aika gwaji. Suka dawo da azahar. Baffa ya tsaya tsakar gida yana fifita da hula, ya ce, "Alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi. Yamai za mu kai shi a wanke ciwon, sati biyu ya dawo da ƙafarsa." Hajiya har da guɗa. Ni ma na yi murna, wawuya.

Bayan la'asar Lawali ya zo zance. Na sa atamfata ruwan ganye, na yafa lafaya mai ƙamshin humra, na fito zaure ina yauƙi. Na zauna, ina ganin fuskarsa na san babu lafiya.

"Me ya faru? Ko an hana ku albashi ne?"

"Ramlatu, zauna."

"Ai a zaune nake. Faɗi."

Ya leƙa waje, ya leƙa ciki, sannan ya rage murya. Ashe yana cikin ofis lokacin da likita take yi wa Baffa bayani, shi ne ma ya fassara wasu kalmomin. Ciwon daji ne na tsoka, sarkom suke ce masa. Ya riga ya hau huhu. Ko an yanke ƙafar daga gindinta ba zai warke ba, ga shekaru tamanin da ɗoriya, ga zuciya ta gaji, da wuya ma ya farka daga aikin.

"To me likita ta ce a yi?"

"Ta ce a rage masa raɗaɗi. A gaya masa gaskiya a hankali, a tambaye shi inda yake son ya zauna, wa yake son ya gani, me yake son ya bari. Ba ta tsammanin zai ga girbi."

"Baffa fa?"

"Ya ce likita ba Allah ba ce. Ya ce kar wanda ya kuskura ya faɗa wa tsohon, faɗa masa kisa ne. Kuma ba za a ce 'ya'yan Mai Nasara sun zuba ido ubansu ya ruɓe ba, sai an kai shi Yamai ko a yanke ƙafar ne."

Kun ji fa? Kar a ce. Mutum zai yi tafiyar kwana guda cur cikin zafin bazara, da ƙafar da ko ƙuda ya sauka a kai sai ya cije leɓe, a je a yanke shi a garin da bai san kowa ba, don kar a ce.

Na miƙe. Lawali ya riƙe bakin lafayata.

"Ina za ki?"

"Wajen mijina."

"Ki rufa min asiri, Ramlatu. Alhaji ya sa na yi alkawari. In ya ji ta bakina ta fito, zai mayar da kayanmu, ya kai ƙarata wajen aiki. Ki bari a sa mana rana tukuna."

"A sa rana? Shi kuma tasa ranar fa?"

Ya ƙara damƙe bakin lafayata. Ni kuma, kunyar faɗa nake ji amma sai na faɗa, na koma na zauna. Ina son Lawali. Shekara biyu ina jiran kayan nan da ke ƙarƙashin gado. Na zauna, na yi shiru, na zama ɗaya daga cikin maƙaryatan gidan.

Da magariba saƙonsa ya shigo 'yar wayata mai tocila: "Ma sheri, masoyiyata, abin da na gaya miki ya tsaya tsakaninmu. Kin san ke ce rayuwata." Washegari wani: "Kin yi shiru ko? Allah ya yi miki albarka." Jibi wani: "Na ga wani leshi a kasuwa, ya dace da ke." Leshi! Mtsww. Kowane saƙo in na karanta sai in ji kamar in buga wayar da bango, amma sai in amsa da "To."

Kwana tara aka yi ana shirin tafiya. Kwana tara ina kai kunu, in durƙusa har ƙasa, in ce, "Ina kwana Tsoho, ya ƙarfin jiki?" In gyara masa matashi, in kore ƙudaje, in fita da sauri kafin hawaye su tona ni. Maganar gumba kuwa ban sake yi masa ba. Ta yaya zan tambayi mutum yaushe zai tafi alhali na san amsar, shi bai sani ba?

A rana ta bakwai na ji abin da ya ƙarasa ni. Ina wanke-wanke bayan ɗakin Baffa da ɗan ruwan da ya rage a bido, wato jarka, na ji yana waya da wani ɗan kasuwa na Kano. Irin geron Tsoho zai sayar. Zangarniyar da ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure a ƙaramin rumbu, wadda ya hana kowa taɓawa ko da jikokinsa na ƙauye suka koma cin anza, don a samu abin shukawa in ruwa ya sauka. Ita za a kwashe a biya mota da masu yanka.

Na tura wa Lawali: "Za su sayar da iri." Ya amso: "Ba ruwanmu da harkar manya. Ki daure, saura kaɗan."

Ranar tafiya, Alhamis ce, tun hantsi rana ta fara duka. Motar da aka ɗauko ta tsaya can bakin titi, don lungunan Birni ba sa ɗaukar mota. An ɗaure tabarma da buta da bargo. Baffa ya sha farar shadda da hula zanna, yana ta duba agogo. Hajiya na ƙofar ɗaki da kwandon guzuri. Lawali ya durƙusa yana yi wa Tsoho pansama ta ƙarshe, wato wankin ciwo, yana naɗa bandeji a hankali. Na shigo da kunu, na durƙusa.

"Ina kwana Tsoho. Allah ya kai ku lafiya."

Bai karɓi ƙoƙon ba. Ya zuba min idanun nan nasa da suka yi fari-fari, ya daɗe.

"Ramlatu."

Bai taɓa kirana Ramlatu ba, sai mummuna.

"Yau kwana tara ba ki tambaye ni gumba ba. Ina lissafe. Kin koma durƙusa min kamar surukata. Waɗannan," ya nuna su da haɓa, "ladabinsu na gado ne, ba na gane komai a fuskarsu. Amma ke, ranar da kika yi min ladabi na san da magana. Me kika ji?"

Hannun Lawali ya tsaya cak a kan bandeji. Baffa ya yi gyaran murya.

"Baba, yarinta ce kawai, mota na..."

"Ba da kai nake ba."

Na dubi Lawali. Ya girgiza min kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. 'Yan uwa, wannan girgiza kan ita ta fasa ni. Tsoho yana tambayata da bakinsa, ran nasa ne, ƙafar tasa ce, wani kuma yana ce min in yi shiru saboda leshi. Na dire ƙoƙon har kunu ya fallatsa a tabarma.

"Ƙarya suke maka, Tsoho! Ba wanke ciwo za a yi ba. Daji ne, ya hau huhunka, likita ta ce ko an yanke ƙafar ba za ka warke ba. Yanke ka za su je yi. Kuma irinka na ƙaramin rumbu gobe za a kwashe shi a sayar!"

Hajiya ta saki kwando tana salati. Baffa ya yo kaina, ban san lokacin da mari ya sauka ba, sai da na ji kunnena na ƙara.

"Uban wa ya gaya miki? 'Yar banza mai bakin tsiya! Uban wa?"

Na dafe kuncina. Ya juya kan Lawali.

"Kai ne?"

Ku saurara da kyau, don wannan ita ce amsar tambayarku. Lawali, wanda ya ce ni ce rayuwarsa, ya ɗago kai ya dubi Baffa ya ce:

"Wallahi Alhaji ni ban gaya mata komai ba. Ban san inda ta samo wannan zance ba."

Har da wallahi. Wayata tana ɗaure a bakin zanena, saƙonninsa na ciki reras. Hannuna har ya kai kanta. Sai na fasa, ba don tausayinsa ba, don na ga bai kai in tona shi ba.

"Kin ji ko? Maƙaryaciya!" in ji Baffa. "Hajiya, a fito da kayan mutanen nan daga ƙarƙashin gado. Yarinyar da za ta yi wa kakanta fatan mutuwa ba zan kai ta gidan kowa ta ja min zagi ba."

"A fito da su mana!" na ce ina kuka. "A haɗa har da goron! Ku dai kuna tsoron bakin mutane, shi ba ku tsoron hakkinsa. Wa ya tambaye shi? A cikinku wa ya tambaye shi abin da yake so?"

"Ya isa," in ji Tsoho. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya kama kansa. Ya dubi Lawali. "Kai mai allura. Ba na tambayarka wa ya faɗa. Dube ni nan. Zan ga girbin bana?"

Lawali ya sunkuyar da kai yana kallon almakashin hannunsa.

"To. Na ji."

Ya rufe ido. Na ɗauka suma ya yi, Baffa ma ya matso a firgice. Can sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Da ma jikina ya gaya min, ku ne kuka yi ta ƙaryata shi. Ku tayar da ni zaune."

Muka jingina shi da bango. Wallahi tun da aka kawo shi ban ga idonsa ya washe haka ba.

"Ku ji da kyau, ba ni da numfashin maimaitawa. Ba mai yanka ni. Yadda na zo da ƙafa biyu haka za a mayar da ni. Iri kuma, wanda ya taɓa shi ban yafe ba. Ruwa na sauka a raba shi, har da matan da mazansu suka tafi ci-rani. Akwai iyakar gonar gabas tsakanina da marigayi Sha'ibu, ni kaɗai na rage da na san inda take, in ban nuna ba sai kun yi shari'a da 'ya'yansa. A aika Garagumsa a kira min ƙanena Mala. Shekara goma sha ɗaya ba ma magana, kuma laifina ne, ina so in faɗa masa da bakina. Shi zai min wanka. A sa ni kusa da uwarku."

Ya tsaya ya yi tari mai tsawo. Na ba shi ruwa.

"Maganin zafin nan kuwa ina so, kar ku ce jarumi ne ni. Mai allura, a rubuta min isasshe, ka koya wa mummunar nan yadda ake wanke ƙafar."

"To, Baba," in ji Lawali da wata 'yar murya. Ko kallonsa ban yi ba.

Na zaci magana ta ƙare. Ina! Ba ku san Baffa ba. Ya gyara tsayuwa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Baba, ka gafarce ni, amma ba zai yiwu ba. Na riga na yi magana da mutane a Yamai, mota na jira, duk unguwa ta san yau za mu tafi. In na mayar da kai ƙauye me zan ce? Cikin wannan yunwa, babu likita, babu komai? Cewa za a yi na gaji da kai, na kai ka ka mutu. Ku kama min shi mu tafi."

Ya sunkuya zai ɗauke shi. Na faɗa tsakaninsu na rungume Tsoho, na ce sai dai a haɗa da ni. Baffa ya ɗaga hannu zai ƙara min wani marin.

"Muntari."

Hannun ya tsaya a sama.

Ku da kuka san al'adarmu kun san nauyin abin da ya faru. Baffa ɗan fari ne. Shekara hamsin da bakwai ubansa bai taɓa furta sunansa ba, don kunyar ɗan fari. "Kai" ne, ko "wancan", ko a aika a kira shi. Ko Hajiya ba ta taɓa jin sunan daga bakin Tsoho ba, ta toshe baki da mayafi.

"Muntari, ɗana. Na san ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ka yi iyakar yinka, na gani, Allah ya yi maka albarka. Yanzu abu ɗaya nake roƙonka. Kai ni gida."

Ban taɓa ganin Baffa ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne Babana. Ranar na gani. Gwiwoyinsa suka sauka a kan kunun da ya zube, farar shaddar ta ɓaci, ya kifa kai a gefen katifa yana wani irin gunji kamar ƙaramin yaro. Tsoho ya ɗora hannu a kan hularsa ya bar shi a nan.

Kar ku ɗauka na huce. Ban huce ba. Kuncina yana zafi, kayan aurena suna tsakar gida Hajiya ta riga ta jawo su, kuma ba wanda ya ce a mayar ciki. Lawali ya tattara almakashinsa ya sulale, bai ko yi sallama ba.

Da Baffa ya tashi bai yarda kowa ya taimaka ba. Ya juya baya ya durƙusa, muka ɗora masa Tsoho, ya goya shi. Haka ya ratsa lungun Birni cikin rairayi mai zafi, maƙwabta na leƙe ta ƙofofi suna "Allah ya kai ku Yamai lafiya," bai tanka wa kowa ba. Ina biye da su riƙe da ƙafar don kar ta yi lilo.

A bakin titi direba ya buɗe ƙofa yana cewa in an yi sauri za a kwana Dogon Dutsi.

"Tirmini za ka kai mu," in ji Baffa.

Na shiga baya na zauna, aka miƙe ƙafar Tsoho a kan cinyata. Mota na tashi wayata ta fara ruri a bakin zane. Ta katse, ta sake. Ta katse, ta sake. Na san mai kira.

"Ba za ki ɗauka ba?" in ji Tsoho, idonsa a rufe.

"Hannuna biyu ne, kuma duka suna riƙe da ƙafarka."

Direba ya karya kan mota, na ƙara tallafe ƙafar saboda ramuka.